Ɗan Inna a Gidan Horon Yara

Bakin Kasuwa, Bodinga
9 ga Maris, 1983

Zuwa ga ƙanwata Salamatu, a Shagari.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara da mutanen gida duka. Mu nan lafiya lau, sai zafi da tsadar zare.

Na san labari ya riga ni isowa, kuma na san irin labarin da motar Altine ke ɗaukowa, kafin ya kai Shagari kowa ya ƙara masa gishiri. To ki kwantar da hankalinki. Ɗanki Tukur (ni dai zan kama sunansa, ba ni na haife shi ba) ba ya gidan yari, kuma ƙafarsa ba ta karye ba.

Ga yadda aka yi. Ranar kasuwa Alhaji Abdullahi mai goro ya jingine babur ɗinsa a ƙofar shagona, ya bar makulli a jiki ya tafi sallar azahar. Yaron nan yana zaune yana sa wa riga maɓalli. Na juya in yanka yadi, sai ƙarar babur na ji. Bai yi nisa ba ya afka kwalbati, ya kurje gwiwa, ya lanƙwasa gaban babur. Daga baya Alhaji ya ce ya yafe, amma magana ta riga ta shiga hannun 'yan sanda. Kin kuma san bara ma an yi ta keken malamin gona, ni na tsaya masa aka sake shi.

An kai shi kotun yara a Sakkwato. Wani ɗan ɗaki ne, ba taro ba hayaniya. Alƙali ya ce a ajiye shi a gidan horon yara na gwamnati har a rubuta rahoto a kan gidansu. Wallahi da na ji an ce gidan yara, ba kurkuku cikin manyan ɓarayi ba, sai na ji numfashina ya dawo. Na je na gan shi. Katangar ba ta kai ta gidan Hakimi tsawo ba, akwai inuwar dogon yaro, suna cin tuwo sau biyu. An aske masa kai tal, kunnuwan nan nasa sun fito fili. Mai kula da su wani dattijo ne, Malam Mode, ba shi da zafin hannu.

Na ce a ba ni shi in koma da shi shago. Alƙali ya dube ni ta saman tabarau ya ce riƙona an gani. Na ji haushi, amma me zan ce? Tunda mahaifinsa ya rasu, Inna kakarsa da ta rene shi ita ma ta bi shi bara, saura ke. Wata malama daga ofishin jin daɗin jama'a za ta zo ta ga gida ta gan ki. In ta rubuta alheri, a ba ki shi. Ki share gida, ki karɓe ta hannu biyu, ki amsa abin da ta tambaya. Abu mai sauƙi ne.

Ki gaishe da Kulu da sauran matan gida.

Yayanki,
Mainasara Tela

*

Shagari
20 ga Maris, 1983

Zuwa ga Yayana Mainasara.

Wa alaikumus salam. Gaisuwa da ladabi da fatan alheri. Na sami takardarka, na gode, Allah ya bar zumunci. Kwana huɗu abinci bai wuce mini ba sai da na karanta ta. Ka yi haƙuri da rubutuna, aji huɗu na tsaya.

Baƙuwar ta zo ranar Laraba, a motar haya, ta ce tasu ta ofis ba ta da taya. Yarinya ce, 'yar kudu, ba ta daɗe a ƙasar nan ba. Tana da fara'a, Hausarta dai sai a hankali. Na shimfiɗa mata sabuwar tabarma, na dama mata fura, ta sha sosai. Kulu matar wan maigidana ta fito, sauran matan ma duk suka fito suka tsaya.

Tana buɗe littafi sai ta kama sunan ɗan Inna gatsau, ta ce ni ce uwarsa? Yaya, a gaban dangin mijina! Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ja mayafi na ce mata, "Ɗan Inna na." Ta ce ina Inna. Na ce, "Ta rasu bara, Allah shi jiƙan ta." Ta tambayi shekarar da aka haife shi, na ce ban riƙe ba. Ta ce ko na je na gan shi tun da aka kama shi, na ce ban je ba.

Daga nan ta ce ina son ya dawo gidan nan? Matan nan duk suka zuba mini ido. Na ce, "Ni ina ruwana? Duk abin da kunka gani shi ke nan." Ta maimaita har sau uku, na ba ta amsa ɗaya. Kulu ta gyaɗa kai, na san ban zubar da mutuncin gidanmu ba.

Ta yi rubutu mai yawa, har ta juya shafi. Ta leƙa rumbu, ta leƙa ɗakin Inna da na share na sa masa sabon asabari saboda mai zuwa, amma ba ta tambayi na wane ne ba, ni kuma ban faɗa ba. Da za ta tafi na ɗaure mata ƙwai a tsumma. Ta dube ni wani iri, ta karɓa.

Ina ganin an rabu lafiya. Yanzu ina barci. Ka sanar da ni ranar da zan sa ran motar.

Ƙanwarka mai biyayya,
Salamatu

*

Bodinga
2 ga Afrilu, 1983

Salamatu,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kina lafiya, don abin da zan faɗa yana son mai lafiya.

Na karanta takardarki a tsaye, kafin in kai ƙarshe na nemi wuri na zauna. An rabu lafiya? Kin san abin da baiwar Allah nan ta rubuta? Washegari na rufe shago na tafi Sakkwato, na sa ta karanta mini da bakinta. Ta rubuta cewa mai riƙon yaro ta mutu, matar da ke gidan ta ƙi amsa cewa ɗanta ne, ba ta san shekarunsa ba, ba ta neme shi ba, kuma ta ce ba ruwanta. Saboda haka yaro ba shi da gida. Shawararta a tura shi babban gidan horo, can wajen jihar nan, shekara uku. Shekara uku, Salamatu! Zai dawo da gashin baki, cikin yaran da suka fi shi sanin ɓarna.

Na buga tebur. Na ce mata ɗan fari ne! Wace mace mai tarbiyya ce a ƙasar nan za ta kama sunan ɗanta na fari, ko ta ce tana son sa, a gaban dangin miji? Ta ce ita a garinsu uwar da aka kama ɗanta birgima take yi a ƙofar ofis. Na ce to nan ba garinku ba ne. Muna cikin haka wani tsohon masinja da ke share baranda ya leƙo ya ce mata, "Malama, gaskiya tela ya hwaɗi. Ni da kin ka gani, uwata har ta bar duniya ba ta kira sunana ba, kuma ni ta hi so cikin ɗiyanta." Da can, in ji shi, a kan haɗa baƙon ma'aikaci da ɗan ƙasa in za shi ƙauye. Da aka shiga tsuke bakin aljihun nan aka daina.

Zan faɗi gaskiya, laifin har da nawa. Na ce ki amsa abin da ta tambaya, ban tuna cewa ke sai dai ki amsa irin ta gidanmu ba. Yarinyar nan ma ba muguwa ba ce, na ga idonta ya kawo ruwa.

Alhamdu lillahi ƙofa ba ta rufe ba. Rahoto ya riga ya isa gaban alƙali, amma ba a yanke ba sai Alhamis, sha huɗu ga wata. Ta ce za ta tashi ta janye shawararta, da sharaɗi ɗaya: ki zo da kanki, ki faɗa a gaban alƙali cewa ɗanki ne, ki faɗi sunansa a rubuta, ki ce kina son a ba ki shi. Ba wanda zai faɗa a madadinki. Ni kam magatakarda ya ce kada ya ga ƙeyata a wurin ranar, saboda teburin da na buga.

Na san abin da nake roƙonki ba ƙarami ba ne. Ga takardar da yaron ya ba Malam Mode ya ba ni. Ni ya rubuta wa, amma ke ya kamata ki karanta.

Yayanki,
Mainasara

*

Gidan Horon Yara, Sakkwato
30 ga Maris, 1983

Zuwa ga Kawu.

Assalamu alaikum Kawu. Ina gaishe ka da ladabi. Ina neman gafararka a kan babur. Gwiwata ta warke.

Nan muna tashi da asuba mu yi salla mu yi shara. Da hantsi karatu. Akwai ɗakin koyon kafinta amma babu katako, sai mu zauna malamin yana nuna mana yadda ake riƙe zarto. Akwai wani keken ɗinki da ya daɗe a mace. Na kwance shi na wanke da kananzir na mayar, yanzu yana ɗinki. Malam Mode ya ce hannuna na ƙarfe ne ba na allura ba. Ni ke ɗinke wa yara wando.

Kawu, akwai maganar da nake son in tambaye ka. Wani yaro da ke share ofis ya ce ya ji ana cewa za a kai ni nesa, don Adda, wadda ta haife ni, ta ce ba ruwanta da ni. Na ce masa ƙarya yake, kunya ce, haka ake yi a wajenmu. Ya yi mini dariya, muka yi faɗa, aka sa ni noman ciyawar tsakar gida.

Na san kunya ce. Amma Kawu, da Inna na da rai ita ke faɗa mini, ta ce wannan rigar uwarka ce ta aiko, wannan ƙosan ita ta ce a ajiye maka. Yanzu ba mai faɗa mini. Na zauna na yi ta tunani ko akwai ranar da Adda ta taɓa kirana da kanta, ban tuna ba. To in da gaske ta gaji da ni saboda abin da nake jawo mata, ka faɗa mini kawai. Ba zan ji haushinta ba. In an kai ni can zan zauna lafiya.

Ka gaishe ta, in ya dace.

Ɗanka,
Tukur

*

Shagari
6 ga Afrilu, 1983

Zuwa ga Yayana.

Gaisuwa da ladabi. Na sami takardu biyu. Ta biyun na shiga ɗakin Inna na rufe ƙofa na karanta, na yi kuka har Indo ƙanwarsa ta zo tana buga ƙofa.

Yaya, ni ce ban riƙe shekararsa ba? Ranar Juma'a aka haife shi, bayan an sauko masallaci, shekarar da aka yi ruwan da ya rushe katangar gidan Liman. Yana hannuna har aka yaye shi, sannan Inna ta ɗauke. Ƙyanda ta kama shi yana shekara uku, ni ke tsaye a bayan ɗaki ina saurare ko yana numfashi, in an fito in yi kamar itace na zo ɗauka. Haka uwarmu ta yi da kai, ka sani. Ban taɓa tunanin akwai wanda zai ga haka ya ce ƙiyayya ce ba. Ashe har shi.

Ina son yaron nan fiye da yadda zan iya rubutawa.

Abin da nake tsoro shi ne bakina. Jiya na tafi bayan rumbu ni kaɗai na gwada faɗin sunan, harshena ya ƙi. Shekara goma sha huɗu ina kauce masa, ko wani yaro mai irin sunan sai in ce mai sunan ɗan Inna. In na tsaya gaban alƙali bakin ya ƙi fa?

Amma zan zo. Ban yi wa kowa ƙaryar asibiti ba, na faɗa wa Kulu inda za ni da abin da za a sa ni in faɗa. Sai ta ce, "Tahi ki ɗauko muna yaronmu. Wadda duk tay yi miki gori, ni ta yi ma."

Na yi magana da Altine, zai ajiye mini wuri a motarsa ranar Alhamis. Ka sa mu a addu'a.

Ƙanwarka,
Salamatu

*

Bodinga
15 ga Afrilu, 1983

Salamatu,

Sallama. Wane irin wulaƙanci ne wannan? Jiya tun azahar nake tsaye a bakin titi, rana ta gasa ni, na ɓata wa mutum biyu alkawarin riga. Da la'asar sakaliya motar Altine ta zo ta wuce fuu, cike maƙil, ko tsayawa bai yi ba. Na hango mayafinki ta taga, na ɗaga hannu har hulata ta faɗi. Ban ga ko akwai yaro a gefenki ba.

Yau ban iya zura zare a allura ba. Ki rubuto yanzu yanzu, ko kalma ɗaya ce. An ba ki shi ko an tafi da shi?

Yayanki da kika bari a rana,
Mainasara

*

Shagari
17 ga Afrilu, 1983

Zuwa ga Yayana.

Gaisuwa da ladabi. An ba ni shi. Yana nan, yanzu haka yana bayan gida yana gyara wa Kulu turmin da ya tsage. Ka sha ruwa ka zauna.

Ka yafe mana wucewa. Altine ya ce in ya tsaya da lodin nan motar ba za ta sake tashi ba. Yaron yana can baya cikin buhuna, ya gan ka, ya ce ka yi ta tsalle.

Malamar ce ta tare ni a ƙofa. Ta riƙe hannuna ta ce in yafe mata. Na ce ba komai, ni ma ban kyauta mata ba. Muka shiga. Alƙali na zaune, da magatakarda, da wata dattijuwa a gefensa. Sai aka shigo da shi. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Ya durƙusa ya gaishe ni, na kau da kai kamar yadda na saba, sai na ga malamar ta runtse ido. Na tuna abin da ya kawo ni, na juyo na amsa.

Ta tashi ta yi bayani da Turanci, ta daɗe. Alƙali ya saurara, sannan ya juyo gare ni. Mutumin ƙasar nan ne, ya yi magana a hankali. Ya ce, "Baiwar Allah, ni ma ɗan fari na, na san abin da ke gare ki. Amma abin da anka rubuta an rubuta, sai da bakinki za a goge shi. Wanga yaro da ke tsaye, ɗan wa na?"

Na ce, "Nau na. Ni na haihe shi."

Ya ce, "Mi as sunanai?"

Yaya, sai ɗakin ya yi tsit. Na buɗe baki, ba abin da ya fito. Na ji gumi yana bin bayana. Magatakarda ya ɗaga alƙalami yana jira. Na dubi ƙasa, na ga ƙafar yaron, ba takalmi, babban yatsansa yana ta murza siminti. Haka yake yi tun yana ƙarami in ya san za a dake shi. Sai na ji ya ce can ƙasa ƙasa, "Adda, bari, ba komi." Wato ya haƙura, ya yarda a tafi da shi don kada in ji kunya.

Nan na faɗa. Na faɗa da ƙarfi har dattijuwar nan ta zabura, na haɗa da sunan ubansa. Na ce ina son sa, a ba ni abina. Kada ka ce in rubuta maka shi a nan, na ranar ya isa.

Na dangwala hannu. Sharaɗinsu shi ne duk wata zai je ofishinsu a gan shi har shekara guda, kuma ya kama sana'a. Malamar ta ce a kai shi wajen mai gyaran babur, tunda abin da ke jan sa ke nan, ya taɓa shi da izini. Ka yi haƙuri, ɗinki ya rasa almajiri. Gobe za a kai shi garejin Isa na bakin tasha.

Na yi barci jiya kamar an sauke mini dutse daga ƙirji. Allah ya saka maka da alheri, har da teburin da ka buga.

Ƙanwarka mai biyayya,
Salamatu

*

Shagari
8 ga Mayu, 1983

Zuwa ga Kawu.

Assalamu alaikum Kawu, ina gaishe ka da ladabi. Ina lafiya. Ina zuwa gareji kullum, da yamma ina sharar gona. Na je ofis sau ɗaya an rubuta ni.

Ka tambaya ko Adda ta canza. Ba ta canza ba. Tun da muka sauka daga mota na koma ɗan Inna. In tana nemana sai ta ce wa Indo, "Kira mini wancan." In na gaishe ta, bango take amsa wa.

Amma Kawu, ina wurin. Na ji da kunnena. Ba sai ta sake ba.

Ka huta lafiya.

Ɗanka,
Tukur